Ice Cube: rigimar kuɗin N.W.A da yadda ya kafu a harkar fim

Ɗan_Fagge

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Tambayata ga masana harkar waƙa da fim ta Amurka ce. Ice Cube dai yawancin mutane a fim suka san shi, wasu ma a finafinan barkwanci na yara da iyali, alhali asalinsa mawaƙin gambara ne, kuma cikin masu zafin baki na gaske. Abu biyu nake so a warware mini. Na farko, ana cewa ya fice daga ƙungiyarsu ta mawaƙan gambara, N.W.A, ne saboda an cuce shi a rabon kuɗi. To ta yaya ake cutar mutum a irin wannan harka, bayan faifai ya sayu miliyoyi kuma kowa ya san shi ya rubuta baitukan? Ta wace ƙofa kuɗin ke zurarewa? Na biyu, mawaƙa da yawa sun leƙa fim sun dawo ba shiri, shi kuma ya zauna daram sama da shekara 30. Me ya yi da sauran ba su yi ba? Don Allah a zo da alƙaluma, kada a ce mini "ai gwani ne" kawai.

Mai_Lissafi

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Fagge. Bari in ɗauki ta kuɗin, ta fim in bar wa waɗanda suka fi ni.

Sunansa na yanka O'Shea Jackson, an haife shi ranar 15 ga Yuni 1969 a kudancin birnin Los Angeles. Waƙar da ta fara ɗaga Eazy-E, abokin waƙarsa a N.W.A, a 1987 shi ya rubuta ta yana ɗan sakandare. Wata ƙungiya ce ta 'yan New York aka rubuta wa, suka ce ba sa so, sai Dr. Dre, mai haɗa wa N.W.A kiɗa, ya lallaɓa Eazy ya rera da bakinsa. Daga nan Cube ya tafi Phoenix a jihar Arizona ya yi shekara guda yana koyon zanen gine-gine, ya dawo 1988 aka haɗa faifan Straight Outta Compton. Gidajen rediyo suka ƙi sa shi, tashar MTV ta ƙi bidiyon, sannan a watan Agustan 1989 wani jami'in hukumar FBI ya aike da wasiƙar ƙorafi kan waƙar da suka zagi 'yan sanda. Duk wannan talla ce kyauta, faifan ya haura kwafi miliyan ɗaya a cikin 1989.

Yanzu ga hanyar da kuɗi ke bi. Mai shago ya sayar da kaset ko faifai, ya cire ribarsa, ya biya kamfanin da ke rarrabawa, wato Priority Records. Priority ya cire nasa, ya miƙa wa Ruthless Records. Ruthless kuwa mallakar Eazy-E ne shi kaɗai. A kan dandamali su biyar abokai ne, amma a ofis ɗaya ne maigida, sauran yaran gida. Manajan kamfanin, Jerry Heller, shi ne kuma yake kula da harkar 'yan ƙungiyar. Wato mutumin da ya kamata ya tsaya maka ka samu kaso mai tsoka, shi ne kuma yake tsaron aljihun wanda zai biya ka.

Mawaƙi yana samun kuɗi a faifai ta ƙofa biyu, kuma nan ne mutane ke ruɗewa.

Ƙofar farko ita ce kason mai rerawa. Sabon mawaƙi akan ba shi wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na farashin faifai, in ƙungiya ce kuma wannan kason ne za su raba a tsakaninsu. Amma ko sisi ba zai shigo hannunka ba sai kamfani ya gama cire abin da ya kashe: kuɗin sutudiyo, rabin kuɗin bidiyo ko dukansa, da kafin alƙalamin da aka ba ka tun farko. Kafin alƙalamin nan bashi ne, ba kyauta ba. Abin da ke kashe mutum shi ne daga cikin naka kason ake cire bashin, ba daga cinikin gaba ɗaya ba. Misali in kasonka dala ɗaya ce a kowane faifai kuma an kashe dala 300,000, sai an sayar da kwafi 300,000 kafin ka fara ganin kwabo, alhali kamfani ya daɗe da mayar da uwar kuɗinsa daga nasa ɓangaren.

Ƙofa ta biyu ita ce haƙƙin marubuci, kuma ita ce ta shafi Cube kai tsaye. A dokar Amurka duk kwafin da aka buga aka sayar, akwai ƙayyadadden kuɗi na wanda ya rubuta waƙa. A 1988 da 1989 senti 5.25 ne a kowace waƙa. Kamfanoni sun saba cusa sharaɗi a kwantiragi cewa kashi 75 na wannan za su biya, kuma kan waƙa 10 kawai komai yawan waƙoƙin faifan. Ka buga lissafin: senti 3.94 sau 10, kusan senti 39 ke nan a faifai ɗaya. Faifan ƙungiyar da na Eazy shi kaɗai, in an haɗa su, an ruwaito sun kai kwafi miliyan 3 zuwa ƙarshen 1989. Wannan ya ba ka kusan dala miliyan 1.18 na marubuta. Cube yana da hannu a kusan rabin waƙoƙin, sai ka raba biyu. Rabin kowace waƙa na mai haɗa kiɗa ne, ka sake rabawa. In kamfanin da ke riƙe haƙƙin ya ɗauki rabi, ka ƙara rabawa. Za ka tsaya a wajen dala 147,000. Wannan misali ne a kan tsarin da aka saba, ba takardun Ruthless ba. Abin da aka ruwaito ya karɓa a faifan biyu kuwa dala 32,700 ne. A rangadin wasanni na 1989, wanda aka ce ya tara dala 650,000, Heller ya ɗauki 130,000, kashi 20 cif, Cube ya tashi da 23,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda aka rabu shi ne lokacin da aka kawo wa kowannensu cekin dala 75,000 da sharaɗin sai ya sa hannu a kwantiragi. Sauran suka sa. Shi ya ce sai lauyansa ya karanta tukuna, bisa shawarar Pat Charbonnet, matar da ke yi wa ƙungiyar hulɗa da 'yan jarida, wadda daga baya ta zama manajarsa. Ƙin sa hannun nan shi ya cece shi, domin da ya tafi a Disambar 1989 babu takardar da za a ɗaure shi da ita. Ya wuce New York wajen masu haɗa wa ƙungiyar mawaƙa ta Public Enemy kiɗa, ya fitar da faifansa na farko a watan Mayun 1990 kai tsaye a hannun Priority, ba tare da Ruthless a tsakani ba, ya kuma sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya. Dr. Dre da ya sa hannu sai 1991 ya gane karatun, kuma fitarsa ta zo da tashin hankali da shari'a.

Hajiya_Majigi

Malam Mai Lissafi ya share fili. Amsar tambaya ta biyu ma daga alƙalami ta fito.

John Singleton yana ɗalibin koyon fim ya haɗu da Cube a bayan fage na shirin talabijin na Arsenio Hall, ya ce masa yana da labarin da ya rubuta da shi a rai. Fim ɗin shi ne Boyz n the Hood, ya fito a Yulin 1991, Cube ya fito a matsayin Doughboy. An kashe kimanin dala miliyan 6.5, ya dawo da miliyan 57. Singleton yana da shekara 24 aka sa shi cikin masu neman kyautar Oscar ta darakta, baƙar fata na farko kuma mafi ƙarancin shekaru da ya kai nan. Har zuwa wannan mataki Cube bai bambanta da sauran mawaƙa ba. An ɗauko shi ne ya yi abin da ya yi kama da rayuwar unguwarsu, kuma irin wannan kiran sau biyu ko uku ake yi wa mutum a manta da shi. Singleton ɗin ne ya matsa masa ya koyi rubutun fim, a kan cewa wanda ya iya tsara labari cikin waƙar minti huɗu zai iya tsara na minti casa'in.

Abin da ya haifar shi ne Friday na 1995, wanda ya rubuta tare da DJ Pooh. Ku dubi yadda aka gina shi don ya yi arha tun daga kan takarda. Labarin duka na yini ɗaya ne, saboda haka kowa kaya ɗaya zai sa daga farko har ƙarshe. Kusan komai a layi ɗaya ya faru, a ƙofar gida ɗaya, babu jigilar motocin kayan aiki daga wannan unguwa zuwa waccan, wadda ita ke cinye kwanaki. Darakta F. Gary Gray bai taɓa yin dogon fim ba, bidiyon waƙa yake yi, har da na Cube, kuma layin da ya tashi a kansa ne aka yi amfani da shi. 'Yan wasan yawancinsu masu barkwancin dandamali ne da ba su yi suna ba, an biya su mafi ƙarancin ladan da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade. Chris Tucker, wanda ya fito a matsayin abokin Cube, da kansa ya ce wajen dala 10,000 ya samu. Kwana 20 aka yi ana ɗauka. Kuɗin da aka fi ambata dala miliyan 3.5 ne, shi Cube ya ce 2.3. A sinima ya tara sama da miliyan 27, faifan waƙoƙin fim ɗin ya hau na ɗaya a jadawalin Billboard, sannan kaset ɗin bidiyo ya yi ta sayuwa shekaru.

Kada a ɗauka miliyan 27 ɗin riba ce. Kusan rabi na masu gidajen sinima ne. A cikin sauran, kamfanin da ya rarraba zai cire la'adarsa, sau da yawa wajen kashi 30, sannan ya cire kuɗin talla da na buga kwafin fim, waɗanda a ƙaramin fim kan fi kuɗin ɗaukar yawa. Shi ya sa ɗan wasan da aka yi wa alkawarin kaso "daga riba" yakan mutu bai gani ba, domin a littafin kamfani riba ba ta cika bayyana ba. Wanda ya rubuta, ya shirya, kuma ya fito a ciki, lada uku yake karɓa tun kafin fim ya shiga sinima. Wannan kujerar Cube ya hau. Ya bada umarni da kansa sau ɗaya a 1998, ya kafa kamfaninsa Cube Vision, ya riƙa kawo wa manyan kamfanoni fim da aka riga aka tsara.

Ma'auninsa ƙaramin jari ne da masu kallo sanannu. Barbershop na 2002 an kashe miliyan 12, ya tara 75 a Amurka. Ride Along na 2014 da Kevin Hart miliyan 25, ya haura 150 a duk duniya. A duka, shi ne mai ɗaure fuska, a ajiye masa wani ɗan barkwanci a gefe yana ta zuba. Ni a ganina ba ɗan wasa ne mai fuskoki da yawa ba, fuska ɗaya gare shi, amma ya san inda take sayuwa. Duk lokacin da ya bar wannan ma'auni ya shiga fim ɗin wasu mai babban jari, sai kaya su yi kwantai. Ghosts of Mars na 2001 an kashe miliyan 28, ya dawo da rabi. Kashi na biyu na xXx a 2005, inda ya maye gurbin Vin Diesel, miliyan 71 ya tara a duk duniya, bai kai ko kuɗin ɗaukarsa ba.

Sarkin_Kiɗa

Ina da ɗan gyara ga Malam Mai Lissafi, da girmamawa. Lissafinka ya yi, amma ka ba Cube rabin baitukan shi kaɗai. Abokan aikinsa MC Ren da The D.O.C. sun yi rubutu sosai a faifan biyu, wasu waƙoƙin haɗin gwiwa ne. Sannan kamfanoni suna riƙe wani kaso na kuɗi wata da watanni saboda kayan da shaguna za su dawo da su, don haka cinikin 1989 ba lallai ya shigo hannu a 1989 ba. Heller har ya rasu a 2016 yana musanta cewa ya cuci kowa, kuma ya kai masu fim ɗin tarihin ƙungiyar na 2015 ƙara yana neman dala miliyan 110. A tuna Cube da Dre suna cikin waɗanda suka shirya wancan fim, ɗan Cube ne ma ya fito a matsayin ubansa, to labarin ɓangare ɗaya ne. Duk da haka ko ka sake raba 147,000 ɗinka biyu, ta ninka 32,700 fiye da sau biyu. Ƙarar da Cube ya shigar kan kuɗinsa kuwa, a wajen kotu aka sasanta ta.

Akwai kuma abin da ya sa waƙa ta rage maiƙo daidai lokacin da ya juya ga fim. Faifansa na 1990 an gina shi ne da gutsattsarin tsofaffin kiɗe-kiɗe, a yanko nan a yanko can a jera su kan juna, wani lokaci da yawa a waƙa ɗaya. A Disambar 1991 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙin gambara Biz Markie saboda ya yanki waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini. Daga ranar kowane gutsure sai an nemi izini biyu, na mai faifan asali da na marubucin waƙar, kuma marubucin kan nemi kaso a sabuwar waƙar. Shahararriyar waƙarsa It Was a Good Day a kan kiɗan Isley Brothers take zaune, don haka suna da rabo a cikinta. Faifan da ke ɗauke da ita ya fito a Nuwamban 1992, watanni bayan tarzomar Los Angeles, ya shiga jadawali a na ɗaya. Nan ne ƙololuwarsa a waƙa.

Ɗan_Fagge

Allah ya ƙara basira, na ƙaru ƙwarai. Hajiya, saura ɗaya. In shi ya rubuta Friday kuma shi ya shirya, me ya sa aka yi shekaru yana kuka cewa an hana shi yin kashi na huɗu? Sannan gaskiya ne Musulmi ne?

Hajiya_Majigi

Nan ne wayonsa ya tsaya, Malam. Kamfanin New Line Cinema ne ya zuba kuɗin Friday, kuma al'adar Hollywood ita ce wanda ya zuba kuɗi shi ke mallakar fim, har da sunayen mutanen cikin labarin da ikon yin ci gaba. Marubuci yana sa hannu ne a kan cewa aikin haya ya yi, wato a idon doka kamfani ne marubucin. Bambancin yana da nauyi. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ba marubuci damar karɓe abinsa bayan shekara 35 da miƙa shi, in aikin daga 1978 ne zuwa sama, amma aikin haya ba ya cikin wannan dama. Marubucin waƙa zai iya jiran shekarunsa ya aika takardar sanarwa. Marubucin fim da ya sa hannu a aikin haya ba shi da wannan ƙofa.

New Line kuma tana ƙarƙashin Warner Bros. An yi kashi na biyu a 2000 da na uku a 2002, da Mike Epps a madadin Chris Tucker. Cube ya ce sun yi wa Tucker tayin dala miliyan 10 zuwa 12 ya ƙi saboda dalilin addini, ba ya son ya ƙara fitowa yana ashar da shan wiwi. Na huɗun ya maƙale saboda kamfani ya yi ta ƙin amincewa da rubutun da yake kawowa, shi kuma ba shi da ikon ɗaukar labarin ya kai wani gida. Ana cikin jan ƙafar John Witherspoon, wanda ya fito a matsayin uba, ya mutu a 2019, Tiny Lister, wani ɗan wasan fim ɗin, ya bi shi a 2020. Sai a 2025 aka sanar sun daidaita.

A talabijin ya fi iya ɗaure akuyarsa. Fim ɗinsa na iyali na 2005, Are We There Yet, an mai da shi shiri mai dogon zango a tashar TBS a 2010 da wani tsari: a yi kashi 10 na gwaji, in masu kallo sun kai adadin da aka yi yarjejeniya, dole tasha ta sayi 90 a dunƙule. Sun kai, aka yi 100. Kashi 100 kuwa shi ne adadin da ake so kafin a riƙa sayar wa wasu tashoshi suna maimaitawa kullum. A 2017 kuma shi da Jeff Kwatinetz suka kafa gasar ƙwallon kwando ta BIG3, uku da uku a rabin fili, wadda tasu ce tun daga tushe.

Malam_Na_Zaure

Kan maganar addini, a taƙaice. Ya bayyana cewa ya musulunta a farkon shekarun 1990, lokacin da yake kusa da ƙungiyar Nation of Islam ta Louis Farrakhan. Muryar Khalid Abdul Muhammad, ɗaya daga cikin manyan masu magana da yawun ƙungiyar a lokacin, tana cikin faifansa na 1991. Amma ya sha cewa shi ba ɗan ƙungiyar ba ne, kuma a sani aƙidarta ta saɓa wa abin da jumhurin Musulmi suke kai a kan Allah da cikamakin annabci. Shi da bakinsa ya ce tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba mai yawan zuwa masallaci ba ne, kuma ya yi tallan giya a farkon tashensa, ya sake yi daga baya. Wancan faifai na 1991 shi ne kuma ya jawo masa zargin ƙin Yahudawa saboda abin da ya faɗa kan Heller, wanda Bayahude ne, da na tunzura mutane kan 'yan Koriya masu shaguna a unguwannin baƙaƙe, har mujallar Billboard ta yi sharhin Allah wadai da shi. Ya auri Kimberly Woodruff a 1992, kuma har yanzu suna tare.